Masu Shirin Zuwa Kallon Kaka

A Amurka da Kanada, da Oktoba ta kama, mutane kan cika tankin mota su nufi wurare irin su jihar Vermont, ba biki ba, ba ta'aziyya ba, kallon ganye kawai. Yini ya gajarta, sanyi ya sauko, koren ganye ya janye, sai ja da ruwan ɗorawa su rufe daji. Japan ma suna da irin wannan al'ada. Hotunan kan iso mana ta Facebook, kuma kowace shekara sai an samu wani a fadar shayi ta Maraɗi ko Tasawa da zai ɗaga waya sama ya ce, "Mu me ya hana mu?"

Shi wannan mai kawo shawara ba mugu ba ne, itatuwan garinsu ne bai sani ba. Jan ganye yake so. To kuka, in rani ya matso, zubar da nata take yi ba sallama, wanda ya rage kuwa mata sun riga sun shanya shi don miya. Gawo kuma, wanda ya cika gonakin ƙasar nan, aikinsa a juye yake: da damina yana tsaye tsirara, sai ruwa ya ɗauke sannan ya yi ganye shar. Abin da ke sauya launi a nan gona ce, gero ya nuna, kara ya bushe, harawar wake ta hau kan reshe, dami ya taru a bakin rumbu. In ka gaya masa haka sai ya ce ai duk ɗaya ne, a dai tafi. Ya riga ya sayi baƙin tabarau.

Kafin a sauke shayi na biyu, ma'aji ya naɗa kansa. Babu wanda ya zaɓe shi. Ya zaro biro, ya yage kwalin sukari, ya fara: Maraɗi zuwa Tasawa wajen kilomita 120, a ƙara ratsen Mayahi, a ƙara dawowa, kowa jika biyar. Zai yi gardamar minti arba'in a kan ko man gidan mai ya fi na kwalba auki. Duk wanda ya ce zai biya a hanya, sunansa ya shiga bayan kwali da alamar tambaya. Abin da ba a taɓa gani ba shi ne ranar da ma'aji ya rubuta nasa sunan.

Sai "na san hanya". Wannan shi ne hatsarin tafiyar gaba ɗaya, ya fi ramin kwalta, ya fi jakin da ke tsallaka titi ba ya duba kowa. Mutum mai hankali zai bi babbar hanya ta Damagaram, ya wuce Caduwa da Gazawa ya sauka Tasawa, ko ya ratse arewa daga Caduwa ya nufi Mayahi. Shi kuwa yana da wata 'yar hanya da ya bi da kawunsa tun yana ɗan makaranta, wadda ke "yanke" tafiya. Bai lissafa cewa a amalanke suka bi ta ba. Ƙasar Mayahi rairayi ce, kuma rairayi ba ya jin magiya. Da tayar baya ta nutse, za ka gan shi ya koma gefe, hannu a ƙugu, yana cewa da can ba haka wurin yake ba. Yaran ƙauye za su fito su tura, su karɓi ladansu, su nuna muku ainihin hanyar, wadda ashe tana bayan wancan kalgon. Ko a nan ba zai sauka daga kan bakansa ba. "Ai ita nake nufi."

Alhaji kuwa tun farko shi ya fi kowa goyon bayan tafiyar, har aka yi mamaki. Ranar tashi aka gane dalili: buhu shida wofi a naɗe ƙarƙashin kujera. Kaka ce, tiyar gero ta faɗi, kuma ya san nan da bazara za ta tashi. Duk gonar da aka wuce, wasu na cewa "masha Allah", shi yana ƙiyasta dami nawa za ta ba da. A kasuwar Mayahi zai ce a ba shi minti biyar. A cikin minti biyar ɗin nan za a yi azahar, a yi la'asar. Hajiyarsa ba ta zo ba, amma saƙonta ya zo: riɗi, yakuwa, gyaɗa, tabarmar kaba biyu, da faifai in an samu mai kyau. A gaskiya ban ga laifinsa ba. Cikin motar duka shi kaɗai ne mutanen ƙauye suka fahimci abin da ya kawo shi.

Akwai malamin makaranta mai ritaya, wanda har yanzu kowa ke ce wa Mushe. Shi ba ya ganin itace, shekaru yake gani. Ana shiga Tasawa zai sanar da cewa Baturen Jamus Heinrich Barth, mai kiran kansa Abdulkarim, ya sauka garin a Janairun 1851. Ba wanda ya tambaya. Sannan zai nace sai an ƙara gaba zuwa Maijirgi, inda sojojin hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine suka juya musu baya suka kashe su a Yulin 1899, bayan ɓarnar da rundunar ta yi wa garuruwan Hausa a hanyarta, kuma kwanaki kaɗan bayan an harbe Kanar Klobb, wanda aka aiko ya tsayar da su, a Dankori. A nan dai dariya kan tsaya, don labarin ba na wasa ba ne, kuma Mushe ya iya ba da shi. Matsalar ita ce bai iya rufe shi ba. Ma'aji na can yana ƙara kilomita a kwali.

Kusa da shi, a takure, ma'aikacin furoje ne. Shi kaɗai ya san itatuwa da gaske, kuma shi ya sa ba a son a tsaya kusa da ko ɗaya. Da ya ga kututture ya yi toho sai ya ce direba ya taka birki. Zai bayyana sassaben zamani daga tushe: yadda manomi ke barin toho biyu ko uku masu ƙarfi ya datse sauran, yadda wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya fara yaɗa dabarar a jihar Maraɗi a 1983, yadda masu bincike suka ƙiyasta cewa ta farfaɗo da wajen hekta miliyan 5 a Nijar. Duk gaskiya ne. Sai dai yana yi wa mai gonar wannan bayani ne, tsohon da ya yi shekara talatin yana datsar itacen da hannunsa, wanda ke gyaɗa kai cikin ladabi yana jiran a gama ya koma ɗaurin daminsa.

Mai ciki ba ya buƙatar dogon bayani. Taswirarsa tukuba ce da ƙwaryar fura, ya san inda ake soya fara da yaji, ya san garin da nononsa bai sha ruwa ba. Mai hoto kuma zai sa a tsaya a Gulbin Kaba, inda goriba ta yi layi cikin kwari, wurin da ya fi ko'ina cancantar kallo a tafiyar, ya juya wa goribar baya ya ɗauki fuskarsa sau ashirin.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne mai masauki, wani dattijo a wajen Kanan Bakashe ko Korgom da aka ce dangin wani ne a cikin motar. Ya ga mota ta tsaya, mutum bakwai sun fito. Ya shimfiɗa tabarma, an kawo ruwa, an gaisa har an gaji.

"To, lafiya dai ko?"

"Lafiya lau, Baba. Kallo muka zo."

"Madalla. Kallon wa?"

"Kallon gari kawai, da itatuwa."

Sai ya yi shiru. A ransa yana jujjuyawa: ko neman aure ne suke jin nauyin faɗa, ko gona suke so su saya, ko kuwa ma'aikatan gandun daji ne suka zo ƙirga abin da aka sare. Zai aika a kama zakara, don baƙo baƙo ne, amma zai kuma aika yaro ya ɓoye gatari. In da kokawa suka ce sun zo kallo, da ya gane, don yanzu ne lokacinta, samari sun ƙoshi da sabon gero. Har su tafi ba zai yarda an gaya masa gaskiya ba, kuma zai yi mako yana tambayar maƙwabta ko sun ji wani abu.

Direba bai ce komai ba tun safe. Ya dubi buhunan Alhaji da suka cika, ya dubi tayoyinsa, ya ƙara jika biyu a kan kuɗin da aka yi da shi.

Saura mutum ɗaya, wanda ya fi kowa zafi ranar shawara. Shi ya ce a tashi da asuba, shi ya ce duk wanda ya makara a bar shi. Da asubar ta yi wayarsa a kashe. An buga ƙofa, yaro ya leƙo ya ce Baba ya ce ba ya nan. Bayan kwana uku sai ga shi a fada, ya karɓi kofin farko, yana ba waɗanda ba su je ba labarin yadda mota ta kafe a rairayi, da yadda ya gargaɗe su tun farko kada a bi ta nan. Ma'aji ya zaro kwali ya nuna masa sunansa. Ya ce in sha Allahu gobe.