Ku Naɗa Madugu Kafin Ku Sha Mai

A ce ku goma ne, abokan juna, kuna zaune a majalisa da yammacin Lahadi bayan kasuwar Illela ta watse. Sai ɗayanku ya zaro waya ya nuna hoton tudun rairayi ja wur a hamadar Tenere, ya ce, "Wallahi bana sai mun kwana a nan." Kafin shayi na biyu ya nuna, kowa ya zama direban hamada. Wannan ya ce Hilux ɗin yayansa ba ta taɓa kafewa ba, wancan ya ce Land Cruiser ko ba komai. Aka tsayar da zance a kan Faci, ɗan tsibirin dabino da gishiri da ke zaune tsakiyar tekun yashi a kan hanyar Agadas zuwa Bilma. Buri ne mai kyau, kuma ina son ku cika shi. Shi ya sa shawarata ta farko ita ce ku ajiye gardamar mota tukuna. Abin da zai kai ku ya dawo da ku shi ne tsarin da fatake suka bar mana, wato ayari mai madugu ɗaya wanda kowa ke jin maganarsa.

Kakanninmu da suka yi fataucin goro zuwa Gwanja ba su fita kara zube ba. Akwai madugu uban tafiya, mai yanke lokacin tashi da wurin yada zango. Akwai jagaba a gaba, wanda ya san hanya da rijiyoyi. Akwai uban dawaki, mai kula da biyan fito da kuɗin ratsa ƙasar sarakuna. Har yau Buzaye da ke kora raƙuma daga Abzin zuwa Faci da Bilma bayan damina, su kai gero su ɗauko kantu da dabino, da madugu suke tafiya, kuma da wannan sunan na Hausa suke kiransa. Addini ma ya koyar cewa mutum uku in sun kama hanya su shugabantar da ɗaya. To ku goma ne, da motoci uku. Wa za ku naɗa? Kada ku naɗa mai motar da ta fi tsada, don shi hankalinsa na kan fenti. Kada ku naɗa wanda ya fi kowa surutu a zauren WhatsApp, don irinsa ne ke turo saƙo da asubar tafiya cewa surukarsa ba ta da lafiya. Ku nemi mutumin nan mai sanyin magana wanda ke ƙirga canji sau biyu, wanda in ya ce ƙarfe biyar, biyar saura kwata yana ƙofar gidanka yana sallama. A gari yana ɗan gundurar mutane. A hamada shi ne abin so.

Na san abin da za a ce: ai mu abokai ne, tare muka taso, wa zai yi wa wani sarauta? Gaskiya ne, kuma abotar ce nake so ku dawo da ita lafiya. Shawara tsakanin mutum goma tana da daɗi a inuwar majalisa. Amma ku kwatanta ta da ƙarfe ɗaya na rana, mota ta nutse har ciki, mutum huɗu na cewa a tura gaba, uku na cewa a ja baya, biyu na ɗaukar bidiyo, ɗaya kuma ya riga ya zauna kan totur yana ƙara haƙa wa tayoyi rami. A irin wannan lokaci kowace dabara tana iya yin aiki, muddin guda ɗaya aka bi. Aikin madugu ke nan. Ku yi duk gardamarku da daddare a bakin wuta, ku faɗa masa kurakuransa har da ƙari, amma in gari ya waye ya ce a tashi, a tashi.

Na biyu a naɗi shi ne uban dawaki, kuma aikinsa yana farawa tun kafin ku tsallaka iyaka zuwa Ƙonni. Shi zai riƙe asusu, ya karɓi kason kowa cif kafin a sayi ko da kwalin ashana, domin "zan ba ka in mun dawo" ita ce kalmar da ta fi kashe zumunci a tafiya. Shi zai canja naira zuwa sefa, ya kuma koya muku ƙidayar maƙwabta: dala ɗaya sefa 5 ce, dala ashirin sefa 100, jika kuwa 1,000. Wanda bai san wannan ba zai tsaya gaban mai kilishi a Tawa yana murna ya sami araha, sai an miƙo masa lissafi ya ga ya ninka biyar. Takardu ma nasa ne: fasfo ko takardar tafiya, katin rigakafin shawara, inshora, da takardar shigar mota daga duwan, wato kwastan. Kada ya dogara da labarin wanda ya je shekara biyar da suka wuce. An rufe iyakar Najeriya da Nijar bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, aka buɗe ta a Maris na 2024, sannan Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Ya je bakin iyaka da ƙafarsa ya tambayi abin da ake nema a wannan makon. Ya kuma gaya wa na gida cewa akwai wata Illela a jihar Tawa, don kada a ji kun ce "mun wuce Illela" a ɗauka har yanzu kuna tasha kuna cin tsire.

Sai ruwa, kuma a nan ne nake so madugu ya zama marar kunya. Ku sa lita 10 ga kowane mutum a rana, sha da girki da ɗan wanke fuska. Mutum goma, kwana bakwai a cikin yashi, lita 700 ke nan, wato jarka 28 masu cin lita 25, nauyin kilo 700 kafin a ɗora mai. Man kuma ba lissafin kwalta za ku yi masa ba, don yashi mai laushi yana iya ninka abin da inji ke sha. Da kun jera waɗannan jarkoki a tsakar gida za ku ga cewa babu wurin katifar Alhaji mai inci goma, babu wurin janareta da lasifika. Alhaji zai ɓata rai. A ba shi haƙuri da tabarma da bargo biyu, domin daren hamada a Disamba da Janairu sanyinsa na shiga ƙashi. A raba ruwan cikin motocin uku, kada a tara shi a guda, kuma alwala ta koma taimama tun daga zangon farko, ga ƙasa mai tsarki iya ganin ido. Wannan lissafi ba abin wasa ba ne. A Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92, akasarinsu mata da yara, a arewacin Arlit kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace ruwa ya ƙare. Allah ya jiƙansu. Duk jarkar da wani ya ce a sauke don a sami wurin miƙe ƙafa, madugu ya tuna da su.

Masu ilimin zamani a cikinku za su ce jagaba ya zama tarihi, tunda ga taswira a waya. Waya tana da amfani, ku tafi da ita, ku sauke taswirar tun a gida don sabis zai bar ku ba da nisa da Agadas ba. Sai dai waya tana nuna maka inda kake ne kawai. Ba ta san cewa bayan wancan tudun ya yanke tsaye kamar bango ba, ba ta san rijiyar da ta ƙafe bana ba, ba ta kuma san wanda ya yada zango a gabanku jiya ba. Buzun da ya girma a wannan hanya ya san duk ukun. Ku ɗauke shi a Agadas ta hannun waɗanda hukuma ta sani, ku biya shi da mutunci. Shi zai sa ku rage iskar taya kusan rabi kafin ku hau yashi, ku tashi da asuba lokacin da rairayi ke da sanyi da ƙarfi, ku huta da tsakar rana, ku bar tazara tsakanin motoci don kada uku su kafe a rami ɗaya. Zai duba ko kun zo da shebur, igiyar ja, farantan ƙarfe na sa wa taya, abin busa iska, safaya biyu da fanbel. Kuma ku roƙe shi ya nuna muku inda itaciyar Tenere ta tsaya. A da ita kaɗai ce itaciya a faɗin kusan kilomita 400, amma a 1973 wani direban babbar mota ya same ta ya buge. Gangar jikinta na gidan tarihi a Yamai, an kafa ta ƙarfe a gurbinta. Duk direban da ya ce muku "ai fili ne, me zan buga?" ku ba shi wannan labari, sannan ku karɓi makullin.

Akwai ƙorafin da ya fi duk waɗannan nauyi, shi ne na iyaye: hanyar ba lafiya. Suna da gaskiya. Daga Illela zuwa Agadas ta Tawa da Abalak ya haura kilomita 500, daga can zuwa Bilma wajen 600, kuma akwai 'yan fashi da masu ɗauke da makamai a sassan wannan ƙasa. A 2025 an sace Turawa a cikin garin Agadas kansa. Ba banza ba motocin da ke zuwa Dirku, kusa da Bilma, suka saba jiran rakiyar soja su tafi a ayari. Amsar wannan ƙorafi ita ce dai madugu. Shi zai nemi izinin hukuma da rakiya, ya bar sunayenku da ranar dawowa a hannun jandarma da kuma wani dattijo a gida, ya hana tafiyar dare. Mafi girman ikonsa kuwa shi ne ya tsaya gaban mutum tara da suka riga suka ɗinka rawani ya ce, "Bana ba za mu ba." Taron abokai ba ya iya faɗin wannan, kowa na jin kunyar a ce shi ne matsoraci. Mutum ɗaya da aka ɗora wa amana yana iyawa. In hakan ta faru, ku tsaya a Agadas ku ga hasumiyar masallacin nan ta laka mai tsawon mita 27, ku sha shayi uku, ku sayo cuku, ku juyo.

Tunda ba a fafa gora ranar tafiya, ku yi gwaji tun a gida. In tsaro ya bari, ku nemi izinin mai gari ku kwana ɗaya a bakin tafkin Kalmalo, da duk kayan da kuka lissafa. Ku sa mota ɗaya cikin yashi da gangan, ku fitar da ita kuna duba agogo. Da safe kowa ya kakkaɓe takalminsa saboda kunama. A wannan dare guda za ku gane wanda ya manta shebur, wanda bai iya dafa komai ba sai ruwan zafi, da mai minsharin da dole a kafa masa tanti can bayan motoci. Madugu ya rubuta duka a littafinsa, har da sunan wanda ya tambaya ko akwai wurin cajin fanka.