Masu Farautar Hoto a Cikin Hazo

Turawa suna da dusar ƙanƙara, su hau duwatsun Siwizalan su yi ta ɗaukar hoto. Mu a Kudancin Kaduna hazo ne rabonmu. Daga tsakiyar Disamba, lokacin da 'yan Abuja da Legas ke tururuwar dawowa gida Kirsimeti, har zuwa bikin Afan na Kagoro ranar 1 ga Janairu, ƙasar nan maƙil take da baƙi, kowa da waya a hannu. Shekara da shekaru ina kallon su, na san su kamar yunwar cikina.

Wanda zai fara tsone maka ido shi ne Ɗan Rasha. Iyakar tafiyarsa Nyanya, amma ya sauka a tashar motar Kafanchan cikin zabgegiyar rigar sanyi mai gashi a wuya, ga safar hannu, ga hula har kunne. Da asuba kam yana da hujja, don jaura na busowa har haƙora su riƙa haɗuwa. Sai dai sanyin hunturu ba ya kai azahar. Rana ta take, gumi na bin gadon bayansa, ya ƙi cirewa. Bai gama hoto ba, kuma kuɗin gwanjo ba za su tafi a banza ba.

Akwai Mai Tabarya, wanda ya rataya kyamara mai dogon hanci da ta fi babur tsada. Dutsen Kagoro ya kawo shi. Tun kafin zakara ya yi cara ya kafa ƙarfensa mai ƙafa uku, ya durƙusa, ya kanne ido ɗaya. Dutsen yana nan, tun kaka da kakanni bai gusa ba, amma ƙurar da ta taso daga Sahara ba ta san tsadar kyamara ba, ta rufe shi ruf. Da jira ya ishe shi sai ya juya wajen mai shayi.

"Malam, yaushe wannan abu zai washe?"

"Ranka ya daɗe, sai an yi ruwan fari. A ƙara madara?"

Haka zai koma birni da hotuna fal, kowanne kamar bangon da aka shafa wa farar ƙasa, yana nuna wa abokai da yatsa: "Nan daidai dutsen yake."

A magangarar ruwa ta Matsirga, kusa da Madakiya, nan Anti Sake-Ɗauka ke mulki. Ta ga bidiyon wurin a TikTok, wanda aka ɗauka a watan Agusta ruwa na rugugi, ta zo da rani ta tarar ya rame. Har tana tambayar yaran wurin ina sauran ruwan, kamar wani ya ɓoye shi a ɗaki. Ta haƙura ta tsaya a kan dutse, nan fa wahalar mijinta ta fara. Ya tsuguna, ya miƙe, ya kwanta rub da ciki. "Baban Juniya, ka mai da ni gajera, sake." Ya sake. Yanzu leɓenta ne ya fito a tsage, a ciro man kaɗe a shafa, a sake. Duk yinin nan abin da ya shiga hoto daga jikin bawan Allah shi ne ɗan yatsansa.

Jarumin Baki shi tun a mota ya gama hawan dutse. Da aka fara hawan gaske, bai ci rubu'in hanya ba ya nemi wuri ya zauna yana haki. Wata tsohuwa ta zo wucewa da kaya niƙi-niƙi a ka, ta ce, "Sannu ɗana, ka gaji ne?" Ya ce, "A'a Mama, sabis nake nema." Tana ba da baya ya karkata waya yadda gangaren ba zai fito ba, ya rubuta a Facebook cewa sun kai ƙololuwa.

Kada a manta da Farfesan Gida, mai yi wa baƙi jagora ba tare da an roƙe shi ba. Gaskiya ne masu haƙar kuza sun tono gunkin yumɓu a Nok, ta wajen Kwoi, a 1928, kuma Bernard Fagg ya zo daga baya ya yi nazarin irinsu. A bakin Farfesa kuwa, kakansa ne ya nuna wa Baturen ramin. Ku isa tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan, inda layin Fatakwal da na Kaduna da na Jos suka haɗu, za ka ji kakan nan dai shi ya tuƙa jirgin farko.

Ran Afan, maharba na rawa da kwari da baka, ana busa ƙaho, sai ga wani ya kutsa tsakiyar fili ya juya musu ƙeya yana wa wayarsa murmushi. Wannan ko suna ban ba shi ba.

Ni kuwa Mai Riƙon Jaka ne. Bara ma ni na riƙe rigar Ɗan Rasha da takalman Anti, ni na ɗauki hoton taro, kuma babu ni a ko ɗaya. Mai son ganin Kagoro shar da Matsirga a cike, ya zo a Satumba. Wanda ya nace sai hunturu, ya taho da man kaɗe, kuma don Allah a riƙa sa mai riƙon jaka a hoto.