Zuwa Ga Hajiya Kyamarar Waya

Hajiya Kyamara mai ido uku,
Bayan waya,
Aljihun dama.

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kin tashi lafiya. Na san kin kwana a caji kin ƙoshi. Ni ma lafiya ƙalau na tashi, sai da na buɗe hotunan jiya.

In kin manta, jiya da la'asar sakaliya na kai ki cikin birnin Kano, zauren gidan kakanmu. Magada sun sayar, wanda ya saya kuma ya ce yau leburori za su sa diga, shaguna zai zuba. Na ce to, tunda ba ni da kuɗin fansar gida, bari in ajiye kamanninsa. Hoto 43 muka ɗauka ni da ke. Da safen nan ina shan koko na buɗe na farko, na ja shi da yatsu biyu, sai ga bango sumul kamar kuncin amarya ranar kamu.

Hajiya, ina makubar?

Bangon nan da tubali aka ɗora shi, aka yaɓe shi da hannu, aka bi shi da makubar ɗorawa don kada ruwan damina ya ci shi. Duk inda magini ya zagaya da tafinsa akwai shaida, layi bisa layi kamar kunyar gona. Saman ƙofa akwai dagi, gefensa an zana keke, don an ce kakanmu ne ya fara sayen keke a lungun. Can ƙasa ta dama kuwa akwai sawun yatsu biyar da suka nutse cikin yaɓen, inda muke gwada hannuwanmu muna yara, mu ga wa ya kusa girma. Saboda yatsun nan na durƙusa a bakin kwata da farar shadda. A hotonki babu ko ɗaya. Dagin ya koma kamar alewar da ta kwana a rana, keken kuma sai wanda ya riga ya san keke ne.

Na kira ɗan yayata mai gyaran waya, ya yi dariya ya ce, "Kawu, ai ba lalacewa ta yi ba, gyara maka ta yi." Wai abin da kike kama haske da shi bai fi farcen ƙaramin yatsa ba. In rana ta yi sanyi sai ki ɗauki hotuna barkatai cikin ƙiftawar ido, ki haɗe su, sannan ki goge duk wani ɗigo-ɗigo da kike zaton datti ne. Wato kin dubi aikin magini kin ce ƙuraje ne, kika shafa masa hoda.

Wa ya aike ki? Wa ya ce miki bango na neman miji? Wannan ai gyaran gangar Auzinawa ne! A kwalinki an rubuta megafiksil 50 da manyan baƙaƙe, da shi aka yaudare ni na ƙara kuɗi. Je ki duba hotunan ganuwar Kano da Turawa suka ɗauka da kyamarar akwati sama da shekara 100 da suka wuce, mai hoto na lulluɓe da baƙin ƙyalle: zaizayar ruwa a jikin ƙasa ana ganinta. Kakarki ke nan, ido ɗaya gare ta, ba ta kuma taɓa yi wa bango kwalliya ba. Na gode Allah da ban kai ki Masallacin Juma'a na Zariya ba. Bakan gizon da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaura tun wajen 1830 da wani abu, da kin mai da shi silin otal.

Abin da ya fi ƙona min rai, ashe kina gani sarai in kin ga dama. Akwai tsohuwar fastar ɗan takara ta zaɓen 2023 manne a jikin ƙyauren. Kina hango fuska kika zagaye ta da ɗan akwatinki, kika tattara hankalinki kaf a kanta. Haƙoran mutumin nan ana iya ƙirga su. Wayoyin lantarkin da suka gitta saman soron ma sun fito ras, su da rabonsu da wuta an kwana uku.

Sauran laifuffukan ba zan ja ba. Lungu matsattse, ba wurin ja da baya, na ɗaga ki sama kaɗan sai kika tsuke kan zauren, zankwaye suka sunkuya kamar masu gulma. Hasumiyar Agadas mai mita 27 da gangan aka tsuke mata kai, namu a miƙe aka gina shi. Hazon hunturu kin mai da shi shuɗi kamar an tsoma sama a marinar Ƙofar Mata. Ana dab da magariba kuma kika ce ma'aji ya cika.

Yanzun nan aka bugo min, tun kafin hantsi ya dubi ludayi zauren ya kwanta. Na tura wa dangi hoton da ya fi dama-dama, Gwaggo ta aiko da saƙon murya: "Masha Allah, ashe sai da suka yi masa siminti sannan suka rushe?"

Naki, wanda bai gama biyan kuɗinki ba,
Jikan mai keke.