Albarkar Riƙon Jaka

Kai, a jinjina wa 'yan siyasar Birtaniya! Sun share hanyar zuwa majalisa, babu ƙaya babu tuntuɓe: ka gama Oxford, ka samu minista ka riƙe masa jaka, ka rubuta masa jawabi, ka iya gyaɗa kai a kan lokaci. Kujera na nan tana jiranka.

Dubi David Cameron. Daren 16 ga Satumba 1992, bayan fam ya faɗi warwas, ministan kuɗi Norman Lamont ya fito gaban 'yan jarida, ga matashin mashawarcinsa can a baya cikin kwat. Wani zai ce ranar kunya ce. Ina! Horo ne. A 2001 ya zama ɗan majalisar Witney, a 2010 firaminista. Abokin karawarsa Ed Miliband kuwa ministan kuɗi Gordon Brown ya yi wa barantaka, kuma shi da Cameron kwas ɗaya suka karanta a Oxford. A 2005 jam'iyyar Leba ta ɗauko shi, haifaffen Landan, ta dire a Doncaster ta Arewa, ƙasar masu haƙar kwal. Mutanen wurin sun huta da wahalar neman ɗan gari, an kawo musu wakili dafaffe har gida. Allah ya saka wa uwar jam'iyya!

Amfanin wannan tarbiyya sai a wurin George Osborne, tsohon marubucin jawaban shugaban jam'iyyarsa na lokacin, William Hague. Da ya karɓi baitulmali a 2010 ya tsuke bakin aljihu, hannunsa ko rawa bai yi ba. Wanda ya taɓa kwana da yunwa ai ba zai iya ba, tausayi zai hana shi aiki. Sai gwanin da ya san talaka a jadawali. Ɗakunan karatu suka yi ta rufewa, layi ya miƙe a rumbunan abincin sadaka, maƙwabta suka samu wurin gaisawa.

Dā can sakaci ake yi, ana barin irin su Aneurin Bevan su kutsa majalisa. Yaron Wales da ya shiga aikin kwal yana ɗan shekara 13, wanda ƙurar rami ta cinye huhun mahaifinsa. Bai taɓa riƙe wa minista jaka ba. Me ya tsinana? Ya zo a 1948 ya buɗe wa kowane matsiyaci ƙofar asibiti kyauta, har yau masu ilimin baitulmali na fama da ɓarnar da ya tafka.