Zuwa Ga Hajiya Manhaja, Mai Riƙe da Lissafin Shagon Kawu

Zuwa ga mai girma Manhajar Lissafi, mazauniyar kwamfutar shagonmu da ke Zango, Damagaram.

Ina fatan kin tashi lafiya, ko da yake na san ba barci kika yi ba, suma kika yi, tunda kuran ya tafi tun isha'i bai dawo ba sai da aka fito sallar asuba. Wannan ba laifinki ba ne. Ruwan famfo ma da ba mu gani ba, ɗan Damagaram ya san ba wurin kwamfuta ake kai ƙararsa ba. Abin da ya kawo ni gabanki, ranki ya daɗe, takardar da kika tofo mana da hantsin nan ce.

Wata Hajiya ta zo sayen buhun shinkafa, kuɗinsa jika ashirin da bakwai da rabi. Na buga miki shi yadda kowane ɗan kasuwa ke rubutawa da biro daga nan har Kasuwar Dole, wato 27.500. Kika yi gurnani, kika miƙo resi, a kansa an rubuta $27.50. Hajiya ba ta yi boko ba, sai ta ba yarinyar da ta rako ta. Yarinya kuwa mai ƙoƙari ce a lakwal, ta san alamar, ta karanta da ƙarfi yadda duk shagon zai ji: "Dala ashirin da bakwai da rabi." Hajiya ta kwance bakin zane, ta ajiye dala talatin a kan tebur, ta ce, "Ɗan nan, ba ni canjina, kuma Allah ya yi wa wannan na'ura taku albarka." Kawu yana zaune bakin ƙofa da carbinsa. Bai ce komai ba, sai dai carbin ya tsaya.

Bari in yi miki lissafin, tunda ke aka saya don lissafi amma ni nake yi. A Nijar dala ɗaya tamma biyar ce. Abin da Hajiya ta ajiye sefa 150 ne, ko tiya guda ta shinkafa ba za su saya ba, kuma bisa ga takardarki ita ke bin mu canji. In kuwa dalar Amurka kike nufi, ita ma ba ta kai kuɗin buhun ba. Abin takaicin shi ne, lambar da kika buga daidai take da bakin kasuwa: ashirin da bakwai da rabi, na jika. Sau ɗaya a rayuwarki kin kusa yin maganar mutanen garin nan, bisa tsautsayi, sai kika ɗora mata tambarin Amurka kika ɓata.

Na kira ɗan yayata da ke karatun kwamfuta a jami'ar nan ta Damagaram, ya zo ya leƙa cikinki. Bayanin da ya yi mini ya fi dala talatin ɗin Hajiya ƙona mini rai. Ashe ba a ɗora miki yin duba ba, tambaya kawai aka ce ki yi. Tun 1989, da aka tsayar da ƙa'idar yaren C, wanda manhajoji da yawa suka tsaya a kansa, akwai wata ƙofa mai suna localeconv. Manhaja na ƙwanƙwasawa sai a miƙo mata amsa a jere: ga alamar da ke raba cikakkiyar lamba da ɓurɓushinta, ga wadda ke raba dubbai, ga yawan lambobin da ake haɗawa a kowane rukuni, ga tambarin kuɗin ƙasar, ko gaban lamba yake zama ko bayanta, ko ana barin fili a tsakani, lamba nawa ake rubutawa bayan waƙafi, har da inda ake sa alamar bashi. Python da PHP sun gaji ƙofar da sunanta. Manhajojin shiga intanet suna da tasu mai suna Intl.NumberFormat. Sharaɗin ɗaya ne tak, a fara gaya wa na'ura a wace ƙasa take. In ba a gaya mata ba, sai ta zauna a wani wuri da ba garin kowa ba, inda ɗigo ne sarki, gurbin tambarin kuɗi kuwa wayam yake. Ke nan ko alamar dalar ba daga can kika samo ta ba. Wanda ya ƙera ki ne ya dasa ta da hannunsa, don a ganinsa duk mai sayen shinkafa a duniya daga Amurka yake fitowa.

Kin yi abin baƙon da ya sauka gari da dare, bai tambayi alƙibla ba, ya ta da kabbara yana fuskantar yamma, alhali ga mai gida zaune a zaure.

To, ga abin da za a gaya miki da kin tambaya. Kuɗinmu sunansa XOF a kundin ISO 4217, kuma a gaban sunan an rubuta cewa ba a ba shi ko lamba ɗaya bayan waƙafi. Ba mu kaɗai ba ne, ƙasashe takwas ne: Nijar, Benin, Burkina Faso, Kodebuwa, Gini Bisau, Mali, Senegal da Togo, duk babban banki ɗaya, BCEAO, mai hedikwata a Dakar. To wannan .50 da .00 da kike jerawa a ƙarshen kowane layi, na wane ne? Santim ɗin wa kike ƙirgawa? Wa ya taɓa ganin rabin tamma a Zango? Tamma ɗaya cikakkiya ma, ki fita ki nemo mini ita a kasuwa in gani! Muna fama da mai sayen sukari a kan canjin dala biyar, ke kina can kina adana mana gurbi biyu na kuɗin da babu shi.

Yaron ya ce a gwada mayar da ke Faransanci. Aka mayar. Ƙa'idar Faransanci a bayyane take, fili tsakanin dubbai, waƙafi kafin ɓurɓushi, tambari a baya: 27 500 F CFA. A allo kika rubuta shi tsaf, har Kawu ya ci gaba da jan carbi. Da aka zo bugawa a takarda, sai ga 27?500. Resin da kansa yana tambayar ko nawa ne! Dalili kuwa, wai filin nan ba irin wanda ake samu da danna dogon maɓallin ƙasa ba ne. Wani siririn fili ne na musamman, mai lamba U+202F, wanda kundin CLDR na ƙungiyar Unicode ya koma amfani da shi ga Faransanci a 2018, kuma ba ya barin lamba ta karye gida biyu a ƙarshen layi. Dabara ce mai kyau, amma injin buga resinmu ya girme ta, bai san shi ba, kuma ke ba ki ga ya kamata ki tambaye shi abin da ya iya ba. Mafi ban haushi, da na buga miki 27 500 da filin talakawa, sai kika ce wannan ba lamba ba ce. Ke kika rubuta ta yanzun nan da hannunki, a mayar miki ita ki ce ba ki san ta ba? Wane irin ɗan kasuwa ne ke ƙin karɓar kuɗin da shi ya bayar canji?

Sannan ga Kano. Kin san, ko ya kamata ki sani, cewa kaya da yawa na kantunan garin nan daga can suke shigowa, ta Matamai da Magarya. Takardar Kano da naira take zuwa, naira tana da kwabo, ɗan Kano kuma waƙafi yake sa wa dubbai. Ya rubuto 1,250 yana nufin dubu da ɗari biyu da hamsin, ke da sabon Faransancinki kika karanta ɗaya da kwata. Ɗazu kin mayar da dubbanmu ɓurɓushi da Turanci, yanzu kin mayar da na maƙwabta ɓurɓushi da Faransanci. Harshe biyu kika iya, da kowanne talauta mu kike yi. Ba a taɓa gaya miki cewa tambari da ɓurɓushi na kuɗin ne, waƙafi da ɗigo kuwa na wanda ya rubuto takardar ne ba? Abubuwa biyu ne daban, ke kin ɗaure su da igiya ɗaya.

Kuma kada ki ce mu ne masu wuyar sha'ani. Bajamushe ɗigo yake sa wa dubbai, irin na biron ƴan kasuwarmu, ba wanda ya ce masa bai waye ba. Mutanen Indiya lambobi uku suke warewa da farko, sannan su bi sauran bibbiyu, su rubuta 12,50,000, an kuma tanadar musu gurbin wannan a cikin amsar da ake miƙo miki. A Suwizalan da alamar ɗauri ta sama wasu ke rabawa. Duk an san da su.

Da muka gaji, muka ce a sa ki Hausa, tunda a 2025 dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasar Nijar. A kundin CLDR akwai shafin Hausar Nijeriya, da na Gana, da na Nijar. Sai dai a wajen lambobi shafinmu gadon babban shafin Hausa ya ci, wato waƙafi a dubbai, ɗigo a ɓurɓushi, tsarin Ingilishi. Yaron da aka koya wa lissafi da Faransanci a Birni, in ya zaɓi harshen uwarsa, sai a ba shi lambobin da malaminsa zai ja wa jan biro. Dala da jika kuwa, waɗanda da su ake ciniki daga Gaya har Gure, ba su da gurbi a tsarin ko kaɗan, domin tsarin bai san a raba farashi gida biyar kafin a furta shi ba. Kowace mai tuyar ƙosai a garin nan tana yin wannan rabawar a ka, hannunta ɗaya cikin kasko.

Ki san inda kike zaune, Hajiya Manhaja. Unguwar nan masaukin ayari ce tun zamanin Sarki Tanimun. A nan fataken Agadas da na Tarabulus suka sauke kaya kafin su wuce Kano, a nan Malam Yaro ya yi attajirancinsa. An ƙirga wuri a ƙasa har ya cika keso, dubu ashirin cif, an canza shi da azurfa, ba a ɓatar da sifiri ba. Faransawa suka ci garin a 1899 suka kawo nasu kuɗin, aka koya. Aka ƙirƙiro sefa a 1945, aka koya. A watan Janairun 1994 aka wayi gari an raba darajarta biyu, aka yi kuka, aka sake lissafi. Yau kowane ɗan canji ya san yuro ɗaya sefa 655,957 ne, kuma ya san waƙafin nan na Faransanci ne, ɗari shida da hamsin da biyar da ɗoriya ke nan. Ke da za a ba ki wannan lambar da Turancinki, da kin sayar da shagon Kawu da gidansa a kan yuro goma.

Maɓallinki na soke ciniki da ke maƙale da na tabbatarwa, da sabuntawar da kike nema duk lokacin da layi ya yi tsawo, na bar su sai wani jiƙon.

Buƙatata ba ta da yawa. Ki tambayi na'ura a wace ƙasa take kafin ki buɗe baki. Ki cire alamar dala, ki share sifirin nan biyu daga sefa, ki bar wa naira kwabonta. In na buga 27.500 kuma kin rikice, ki tsaya ki nuna mini adadin da kika fahimta da haruffa, in ce e ko a'a, kafin ki buga takardar da za ta shiga hannun mutane. In kuma akwai sauran kunya a tare da ke, ki ƙara layi ɗaya a ƙasan resi wanda zai faɗi kuɗin da jika da dala, yadda mai saye zai ji.

Kawu ya riga ya aika an sayo babban littafi mai layi da biro biyu. Ya ce in Alhamis ta yi ba ki gyaru ba, a cire ki daga soket a sa fanka a wurin. Ni ban roƙa miki arziki ba, kuma ba zan roƙa ba sai na ga resi ɗaya da aka rubuta daidai.

Wassalam. Naki, mai buga lambobi a shagon Kawu, Zango, Damagaram.