Ayarin Dusar Ƙanƙara da Mutanen Cikinsa

Idan Ista ta gabato, wasu mutanen Norwe sukan kulle gidajensu masu ɗumi, su hau jirgin ƙasan Oslo zuwa Bergen, su sauka a Finse, tasha mai bisan mita 1,222 wadda titin mota bai kai ta ba. Nan za su ɗaura siki a ƙafa, falankai biyu dogaye sirara, su riƙi sanduna, su nausa cikin tudun Hardangervidda, fari fat, ba itace ba inuwa. Kwanaki suna bin ƙiraren da aka kakkafa don nuna hanya, daga zango zuwa zango. Wai hutu suke yi.

Masaukan na ƙungiyar DNT ne, wadda aka kafa a 1868, kuma sun haura 500. Wasu da ma'aikata, da yawa kuwa babu kowa: makulli iri ɗaya ke buɗe su, ka ɗebi abinci a ɗakin ajiya, ka rubuta da hannunka, ka biya. Inda babu bara babu mai gadi, hali ba ya samun wurin ɓuya.

Na farko a cikin mutanen ayarin shi ne madugun da ba wanda ya naɗa. Taswira a wuya, kamfas a hannu, amsarsa ɗaya ce tun hantsi: "Saura kaɗan, bayan wancan tudun ne." Bayan tudun akwai wani tudun. Dokokin hawan dutse na ƙasar sun ce juyawa da wuri ba abin kunya ba ne, shi kam yana ganin don wasu aka rubuta. A tuna masa cewa Roald Amundsen, wanda ya riga kowa isa ƙuryar kudancin duniya a 1911, ya ɓace a tudun Hardangervidda a 1896 har sai da ɗan'uwansa ya tono shi daga ƙanƙara, sai ya ce ai Amundsen bai da irin wayarsa. Wayar kuwa sanyi ya kashe batirinta tun jiya.

Sai shehin kaki. Wannan sai an zauna. Ana shafa kaki a ƙasan siki don ya kama ƙanƙara wajen hawa, ya kuma sulale wajen gangara, kuma kowane sanyi da launinsa: kore na tsananin sanyi, shuɗi na matsakaici, ja na lokacin da ƙanƙara ta fara narkewa. Ilimin ke nan, yaro ma zai haddace. Amma shehi sai ya fita da asuba, ya damƙi ƙanƙara, ya murza, ya shinshina, ya dubi gabas, ya yanke hukunci cikin nutsuwa. Kowa ya bi fatawa. Kafin a yi kilomita ɗaya ƙanƙara ta dunƙule a ƙasan sikin kowa, ayari na tafiya ɗingis-ɗingis. Laifin wa? Na yanayi, da ya canza bai sanar da shi ba. Ranar da ya fito da kilista, wani danƙo mai naci na jiƙaƙƙiyar ƙanƙara, za ka same shi a safar hannu, a burodi, a gemun wanda ko kusa da wurin bai zo ba.

Akwai aminai biyu da ba sa rabuwa. Ɗaya ya yanke ƙotar buroshin haƙorinsa don rage nauyi, ɗaya ya ɗauko tukunya, littattafai uku da lemon zaƙi jaka guda. Na farkon yana yi wa na biyun dariya har azahar, daga nan ya fara aro.

Wanda ni ya fi ba ni haushi shi ne mai bin sawu. Wanda ke gaba shi ke fasa sabuwar ƙanƙara, aikin da ke cinye cinya, don haka karɓa-karɓa ake yi. Da layi ya zo kansa sai igiyar takalminsa ta kwance. Amma da an hango hayaƙin masauki, ƙarfi ya zo masa, ya wuce kowa fiu, ya kama gadon da ke kusa da murhu. Ƙanensa na cikin gida shi ne wanda ciki ke murɗa wa daidai lokacin faskare da narka ƙanƙarar sha. Yakan dawo daga bayi, wanda ke can waje cikin iska, a daidai sauke tukunya.

Tsakanin waɗannan sai wata tsohuwa ta ɓullo, ta haura saba'in, da sikin katako da rigar ulu. Ta gaisa da ka, ta wuce. Da kuka isa ta hura wuta, ta ci cakulan ɗinta na Kvikk Lunsj, ta kusa gama littafin labarin kisan kai, irin wanda ƴan ƙasar ke karantawa a Ista. Shehi ya tambaye ta wane kaki ta shafa. Ta ce na bara.

Da dare akawu ke karɓar mulki. Ya tsaya ƙofar ɗakin ajiya da biro: wa ya buɗe gwangwanin nama, wa ya ci biskit uku ya rubuta biyu? Ba wanda ya sa shi, ƙungiyar ma ta yarda da mutane, shi ne dai bai yarda ba.

Sannan gwanin minshari. Ba a korar baƙo a waɗannan masaukai, in gado ya ƙare a shimfiɗa katifa a ƙasa, don haka kowa na jin numfashin kowa. Nasa kuwa yana da hawa da sauka, da ɗan shiru a tsakiya wanda ke sa ka fara godiya kafin ya dawo. Sa'ar ita ce masaukai da yawa suna da ƙaramin ɗaki a gefe, wanda aka gina saboda gobara. A dare na uku ayari ya yi shawara, akawu ya je ya ce masa, "Babban yaya, mun ga kai ne babba a cikinmu, bai kamata ka kwana cikin cunkoso ba." Har yau yana ba da labarin ladabin yaran nan.