Muftan Bakin Murhu

Ranar Talatar nan da ta wuce, bayan la'asar, na hura gawayi a zaure, na jera masara guda 12 da aka karyo mini daga gona, na kuma binne dankalin Hausa cikin toka, ina zaton zan ci halalina cikin natsuwa. Ashe ƙanshi ya riga ya zaga unguwa, har maƙwabta uku, waɗanda rabona da su tun ƙaramar salla, suka ga wajibi ne su zo sada zumunci a wannan sa'a.

Na ce bismilla, kamar yadda ladabi ya hukunta. Kowannensu ya rantse a ƙoshe yake, sa'an nan ya gyara zama.

Nan take majalisar fatawa ta buɗe. Na farko ɗan mazhabar dafuwa ne, wanda a wurinsa gasa masara zalunci ne, sai dai a dafa ta cikin ɓawonta da 'yar kanwa. Na biyu ya ce kanwa bidi'a ce, gishiri shi ne asali, kuma sai ta nuna ake sa shi, don kada ƙwaya ta yi tauri. Na uku, da yake muhaƙƙiƙi ne, ba ya hukunci sai da hujja: ya ɗauki guda ya dasa mata farce don ya ga ruwanta, ya ciji kai, ya ciji gindi, ya ciji tsakiya saboda adalci, da shubuha ta ƙi gushewa ya kira ta biyu shaida, ta uku kuwa ta zo tazkiyyar shaidun. Kafin a kai ga ijma'i, totuwa tara ce a ƙasa. Ni da na yi firfita har hayaƙi ya sa ni hawaye, wallahi ban ga wanda ya miƙo hannu ya karɓi mafici ba!

Da aka tono dankali sai jayayya ta koma kan nasaba, Basakkwacen cikinsu yana cewa sunansa kudaku, saura duk laƙabi ne. Na so in ce musu da shi da masarar da dankalin Turawa da ake nomawa a Jos duk baƙi ne daga nahiyar Amurka, ba su ƙetaro ba sai bayan 1492, amma baƙin nawa sun shagala da dangwala shi a garin ƙuli-ƙuli, kuma mai tauna ba ya sauraron tarihi. Dankali dai, kowa ya sani, ba ya yafe bashi: yakan bi mutum har cikin sahu ya tambayi lafiyar alwalarsa, kuma na lura muhaƙƙiƙin namu sau biyu yana komawa wajen buta kafin a tayar da isha'i.

Wanda ya tafi da wuƙata cikin aljihu bisa mantuwa, don Allah ya aiko yaro da ita.